Wayar da Ke Aske Katifa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya kunnen? Mama ta ce in tambaye ka ko kana sa abin toshe kunnen da kamfani ya ba ku, ko yana cikin aljihu yana hutawa. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama tana nan da halinta, in ta zauna sai an miƙa mata hannu. 'Yan biyu sun shiga makaranta, kullum sai ɗaya ya dawo da takalmi ƙafa guda.

Na so in kira ka, sai na tuna yadda muka yi wancan karon, ina ta ihu a tsakar gida har maƙwabta suka ji duk sirrinmu, kai kuma kana ta "Na'am? Na'am?" Shi ya sa na koma takarda, tunda Dogo direba yana bi ta wajenku.

Roƙo ne ya kawo ni, na Baban 'yan biyu. Ka san ya bar gyaran kujeru ya koma haɗa katifa. Shi ke samo soso ya yanka, ni kuma in ɗinka riguna a gida, ya kwasa ya je ya sa musu. Wuƙa ce take ba shi wahala, yankan yana fitowa kamar ɓera ya gwaigwaya. Wani ya ce masa ya miƙe waya ya ba ta wuta, in ta yi zafi za ta ratsa soson sumul. Ya fara da wayar jan ƙarfe, nan take ya ɗauke wutar layin shagunansu gaba ɗaya, mai aski ya fito yana zagi da rabin kan mutum a kujera. Ya koma wayar ɗaure rodi, ita kuma ta yi ja ta tsinke. Daga nan, Yaya, sai bawan Allah ya kwance murhun lantarkina ina gidan Mama, ya zare wayar nan mai kama da tsutsa da ke ciki, ya miƙar da ita. Ta yi masa aiki kwana biyu ita ma ta tsinke. Yanzu ba murhu ba waya.

Na ce masa ai irin wannan wayar Yayana yake naɗawa a kamfaninsu tun ina 'yar firamare. Don Allah in da hali ka ba Dogo ko kaɗan ce ya taho mana da ita, kafin ya kai ga dutsen gugata, don na ga yana yi masa wani kallo.

Ka gaishe da Anti.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, mun yi dariya ni da Antinki har yara suka leƙo. Muna lafiya. Ki ce wa Mama ina sa abin kunnen, ta daina tsayuwa wanke-wanke da wannan gwiwar.

Ga wayar nan na ba Dogo, ragowar ƙarshen naɗi ce da shugaban sashenmu ya yarje mini in ɗauka. Sunanta naikurom. Ƙarfe biyu aka narka aka haɗa, nikel da kuromiyam, nikel ɗin ya fi yawa, wajen kashi huɗu cikin biyar. Ki karanta wa mijinki wannan don kada ya ƙona muku unguwa. Jan ƙarfe hanya ce buɗaɗɗiya, wuta takan bi ta cikinsa a guje ba abin da ya tare ta, shi ya sa ta kwararo da yawa ta kashe musu layi. Ita naikurom gardama take yi da wutar, gardamar ce take zama zafi. Baƙin ƙarfe ma yana zafi, amma da ya yi ja iska take cin sa, ya yi ɓawo ya sirance ya tsinke. Ita kuwa kuromiyam ɗin da ke cikinta yakan yi mata wata siririyar fata a waje, fatar ce take kare ta daga iska. A tanderun da muke haɗawa tana yin ja kamar garwashi yau da gobe da jibi, ba ta narke ba, ba ta yi tsatsa ba.

Ita ce a cikin dutsen gugarki, da hita, da abin busar da gashi, da tanderun masu biredi da na masu tangaran. Har a ɗakin gwaji na asibiti akwai ta. Sukan lanƙwasa bakinta kamar ɗan zobe, su ɗebi majina ko bayan gida da ita don gwaji, in sun gama su sa ta a harshen wuta. Da ta yi ja, duk ƙwayar cutar da ta taɓa ta ta mutu, ta koma tsaf kamar sabuwa. Ni dai ban taɓa ganin ƙarfe mai haƙurinta ba.

Kada ya jona ta kai tsaye a bango, ya bi ta taransifoma. Dalma ba ta kama ta, da sukuru zai matse bakinta. In ta yi zafi takan ƙara tsayi ta saki, sai ya sa sifirin a gefe ɗaya ya riƙa jan ta. Kuma soso ba ya bukatar ta yi ja, ɗumin da zai narka shi ya isa. Abin da ya fi damuna hayaƙin ne. Hayaƙin soson katifa guba ne, ba wasa nake ba. A fili zai yi aikin, iska tana kora shi gaba, ke da yara kuma kada ku kusanci wurin. Da zai ji tawa, da zarto mai inji ya nema. Amma na san Mai Katifa, in ya ƙudura abu sai ya gani da idonsa.

Ki gaishe shi, ki shafa mini kan 'yan biyu.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ka yi haƙuri na jima ban rubuto ba, aiki ne ya taso mini har bayana yana ciwo.

Waya ta yi, Yaya. Baban 'yan biyu ya ce tana shiga soso kamar ba komai a gabanta. Wasiƙar taka ma ya riƙe, ya sa ta a leda, ya ce zai riƙa dubawa. Ban taɓa ganin ya girmama takarda haka ba, ko ta aurenmu. Maƙwabtan shago sun yi ƙorafin hayaƙi, sai ya mayar da yankan wani fili a bayan garejin kanikawa. Ban taɓa zuwa ba, ya ce Yayanki ya hana.

Kasuwa ta buɗe. Mai shagon kayan jarirai da ke bakin titi ta karɓi ƙananan katifu da yawa, na gadon jinjiri. Na samo wani yadi mai zanen agwagi da taurari, in ka gan su sai ka ji kamar ka koma jariri. Malamar makarantar nan maƙwabciyarmu da ta haihu ta sayi ɗaya, har ta aiko a yi mini godiya. Mama ma ya kai mata babba kyauta, mai kauri, ya ce saboda gwiwarta. Ta yi ta sa masa albarka, ta ce ba suruki ba ne, ɗa ne.

Abu ɗaya ne ya ishe ni, warin kayansa. Ba ƙaurin roba kaɗai ba ne, akwai wani ƙarni-ƙarni a ƙarƙashi, in na jiƙa su sai na kau da kai. Ya ce haka sabon soso yake in ya ji wuta. Ko haka ne?

Sai kuma wayar tana yawan tsinkewa, ta kusa ƙarewa. Ga guntayen nan na naɗe a takarda don ka gane kaurin, in da hali a ƙaro mana. Mama tana gaishe ka. Kwana biyun nan tana fama da ƙaiƙayi a baya da cinya, mun canja mata sabulu.

Taka,
Auta

*

Auta,

Salam. Muna lafiya, Allah ya ba Mama sauƙi. Dogo yana tsaye a kaina yana sauri, don haka zan taƙaita.

Na duba guntayen da kika aiko, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Wayar da na ba ku ta isa ta kai mijinki shekara. Ba haka take mutuwa ba a hannun mai yankan soso. Ki tambaye shi me yake yi da ita. Ba zan ƙara aiko da ko taƙi ɗaya ba sai na sani.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, na karanta na sake karantawa ko zan ga inda ka gaishe da 'yan biyu, ban gani ba.

Me zai yi da ita in ban da aikinsa? Ko kana zaton sayarwa yake yi a bayan idonka? Mutumin nan tun safe yake fita, sai yamma ya dawo idanu jajur yana tari, don ya rufa mana asiri. Shekara da shekaru kuna cewa ba ya zama a sana'a ɗaya, yanzu ya zauna kuma an sami abin faɗa. In ɗaukar wayar tana jawo maka magana a kamfani, ka ce haka kawai, za mu gane. Ban nuna masa wasiƙar ba, don ban san da wane baki zan karanta masa ba. Na ce masa Dogo bai zo da komai ba, shi kuma ya shiga bin masu gyaran hita yana tsintar tsofaffi.

Mun gode da wadda aka ba mu.

Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Shiru-shiru ban ji daga gare ka ba. An ce motar Dogo tana gareji, ban sani ba ko ita ce ta tsare amsarka ko fushi ne. Wannan ta hannun wani abokinsa na ba da ita. Yaya gida, yaya Anti? Mu jikinmu lafiya, in ban da Mama da ƙurajen suka fito mata sosai, ga tari in ta kwanta. Ni kuma tun shekaranjiya ko ruwa na sha sai ya dawo. Ka manta da waccan wasiƙar, ka ji wannan.

Mai shagon kayan jarirai ta kira ni tana faɗa, wai masu saye suna jira, Baban 'yan biyu kuma ya manta rigunan a gida, wayarsa a kashe. Na ɗaure su na ɗauki tasi na ce a kai ni bayan garejin kanikawa. Ƙofar kwano ce. Tun kafin in tura ta warin ya tare ni, warin nan na kayansa amma ninki ba adadi. Na tura.

Yaya, tsofaffin katifu ne jibge har sun fi katanga tsayi. Wasu da ragowar robarsu a yage, da lambar ɗaki da ta gado a rubuce da fenti, irin na asibiti. Wasu na gidajen kwana ne. Kowace da zanenta, rawaya a kan rawaya inda fitsari ya bushe aka sake yi, baƙi-baƙi inda jini ya daskare, wasu wuraren kore, ban san ko mene ne ba, ban kuma so in sani. Kuɗin cizo suna tafiya a layi a bakin ɗinki da rana tsaka, ko kunya ba sa ji. Ƙudaje kamar an yi shara a mahauta. Ruwan saman da aka yi ya jiƙa na ƙasa, wani ruwa mai kalar shayi yana gangarowa har inda na taka.

Yana tsakiyar filin da tsumma a hanci, shi da wani ƙato. Daga baya na gane ƙaton shi ne direban da asibiti da gidajen kwanan suke ba kayan ya kai inda ake ƙonewa, sai ya riƙa sauke su a nan. Wayarka tana miƙe tsakanin katako biyu, ja jawur. Suka ɗora wata katifa suka tura. Tana cuuu saboda danshi, hayaƙi rawaya yana tashi, fuskar katifar ta zame ta faɗi kamar ɓawo. Abin da ya rage a kan teburin sumul, har da ƙyalli. Suka juya ta suka aske ɗaya gefen. Wadda tsakiyarta ta ruɓe har ta zurma, sai su yanke gefe-gefen su yi ƙanana. Ƙananan nan su ne nake ɗinka wa agwagi da taurari.

Ban san lokacin da ƙullin ya faɗi daga kaina ba. Na durƙusa na yi amai a gindin ƙofar. Ya zo da gudu yana cewa, "Wa ya ce ki zo? Ba Yayanki ya hana ba?"

Na ce, "Wannan ne sabon soson?"

Ya ce, "Ke ba ki san aiki ba. An gyara shi. Wuta ta bi ta kansa."

Na ce, "Mutane sun mutu a kan waɗannan."

Ya ce, "To a kan wace katifa ce ba a mutuwa?" Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wasiƙarka cikin ledarta, ya nemo wurin da yatsa, ashe tuni ya ja masa layi da biro. Ya karanta mini: "Da ta yi ja, duk ƙwayar cutar da ta taɓa ta ta mutu." Ya ce, "Ni na rubuta ko Yayanki? Asibiti ma da ita suke tsaftace kayansu. Shi ya sa nake barin ta ta yi ja. Katifar nan ta fi ta kamfani tsafta, don tasu ba a gasa ta."

Ƙaton nan yana gefe yana gyaɗa kai yana cin gyaɗa da hannun da ya ɗauki kayan.

Rubutunka ne, Yaya, na san hannunka. Na dawo gida na wanke ƙafata har ta yi ja, na jefar da takalman. Yanzu ina tambayar ka tsakani da Allah: gaskiya ya faɗa? In wutar tana kashe komai, ka gaya mini, ko na samu in haɗiyi abinci, in ya so ƙazantar in san yadda zan yi da zuciyata a kanta. In kuma ba haka ba ne, to Mama a kan ɗaya take kwana. Na ce mata ta koma tabarma saboda zafi, ta ce gwiwarta ba za ta iya ba, kuma kyautar ɗa ba a wulaƙanta ta.

Ka amsa da wuri don Allah.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙunki biyu tare suka iso, ta fushin da ta bayanta. Ba fushi nake ba, ban san ma kin yi ba sai yau. Muna lafiya, sai dai na karanta ta biyun a wurin cin abinci na kamfani, na ture kwanon na tashi.

Amsar ita ce a'a. Ki ɗauke Mama daga kan abin nan yau, ko da kuka ne.

Ni maganar wayar nake, ita kanta. Ɗan zoben asibiti yana tsarkaka ne saboda shi ɗin ake sawa cikin wuta gaba ɗayansa. Abin da waya ta yanka kuwa, iya inda ta bi ne kaɗai ya ji zafi, kaurin bai kai na farce ba. Soso kuma ba ya miƙa zafi ciki. Taƙi ɗaya daga wurin yankan, sanyi ƙalau, duk abin da ya tsuma a ciki yana nan da ransa, da ƙwan kuɗin cizon da komai. Kamar a ƙona bakin kwalba ne a ce abin da ke ciki ya tsarkaka. Ƙyallin da kika gani ma narkakken soso ne ya rufe fuskar, in an kwanta an danna zai tsattsage, na ciki ya riƙa fitowa da ɗumin jiki.

Abin da ban iya rubuta miki ba wancan karon, don kunyar suruki, shi ne wannan. Guntayen da kika aiko akwai gashi a manne cikin baƙin da ya daskare a jikinsu, da wani farin gishiri-gishiri. Na ɗumama ɗaya a benci, zarni ya tashi, har abokin aikina ya waiwayo ya tambayi wa ya yi fitsari a sashe. Gishiri da danshi suna cin fatar nan da ke kare wayar in tana ja, shi ya sa take tsinkewa. Na zaci ko tsohuwar katifar wani yake gyarawa jifa-jifa. Ban kawo wannan a raina ba.

Kada ki dogara da maganata ma. Ki sami wuƙa mai sanyi, ki fitar da ta Mama waje, ki tsaga ta a tsakiya ki duba.

Game da mijinki, ki bi a hankali. Na juya layin nan a kaina har ya ishe ni. Mutumin da bai san aikin ba zai iya karanta shi yadda ya karanta, kuma da na rufe bakina a kan abin da aka tambaye ni, da bai sami abin ja wa layi ba. Wataƙila da gaske ya yarda. Ki karanta masa wannan ku biyu, ba a gaban mutane ba, ki ga abin da zai ce. Amma na jariran nan ba za su jira ba, Auta. Ke kika san yadinki.

Allah ya ba Mama lafiya. Ki gaishe mini da 'yan biyu, gaisuwa biyu, har da ta wancan karon.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Daga ɗakin Mama nake rubuto maka. An kai ta asibiti, an ba ta na shafawa da na sha, ƙurajen sun fara bushewa, tarin ma da sauƙi.

Na yi yadda ka ce. Na ja katifar zuwa tsakar gida, na farke ɗinkina da hannuna, na tsaga. Sama fari, ƙasa fari, tsakiya kamar an jiƙa burodi a ruwan kwata. Da na danna da bakin wuƙar, wani abu ya tsattsafo. Mama tana kan kujera tana kallo. Sai ta ce, "Auta, ɗora mini ruwa." Ta yi wanka, ta fito, ta zauna kaɗan, ta ce a sake ɗora wani. Zanen gadon da matashin duk ta ce a haɗa a ƙone. Har yau ba ta ambaci sunansa ba.

Na karanta masa wasiƙarka mu biyu. Ya dafe kai, ya rantse da Allah shi ya ɗauka wutar tana kashe komai, har da hawaye. Ya ce da ya sani ai ba zai kai wa Mama ba. Na ji tausayinsa, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ce to mu je tare wurin mai shagon kayan jarirai. Nan ya ce kansa yana ciwo.

Na tafi ni kaɗai da wuƙata a jaka. Matar ta ce sharri ne, kishin kasuwa ne, sai da na tsaga ɗaya a kan teburinta. Ta yi ihu ta watsar da ita, ta zage ni tas, na tsaya na sha, don ɗinkina ne a jiki. Da ta huce muka shiga bin waɗanda ta sani gida-gida. Malamar makaranta na tarar ta kwantar da jaririyar a kai, fuskarta a kife a kan agwagin. Na ɗauke yarinyar kafin in yi sallama. Mijinta ne ya kira duba-gari. Sun rufe filin, sun kwashe kayan da mota, suna ta kiran Baban 'yan biyu da ƙaton nan ofis. Wasu katifun ba mu gano su ba, masu wucewa ne suka saya. Yanzu duk jaririn da na gani a bayan uwarsa sai na leƙa wuyansa ko da ƙuraje.

Saura ɗaya. Da na koma gida na ce namu ma ba za su kwana a ɗakin ba, tamu da ta 'yan biyu, don duk shi ya kawo su lokacin da kasuwa ta buɗe, da rigunan da na ɗinka. Na ja su waje, na ɗaure hanci, na farke ta yaran. A ƙarƙashin rigata akwai wata rigar, ta kamfani, da tambarinta da komai. Na tsaga. Fari fat daga sama har ƙasa, ƙamshin sabo yana tashi. Na tsaga tamu, haka.

Yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Waɗannan fa?"

Ya juya yana kallon soson da na tsaga.

Na ce, "Ba ka ce naka sun fi na kamfani tsafta ba? Me ya sa ka sayo mana na kamfani, har ka ɓoye su cikin ɗinkina?"

Ya sosa ƙeya, ya ce, "To ai kin san 'yan biyu ba su da ƙwarin ƙirji."

Don haka ka daina juya layin nan a kanka, Yaya. Ya iya karatu sarai.

Na haɗa kayan yara da keken ɗinkina na taho. Ya aiko ƙanin babansa ya ba da haƙuri, Mama ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a waje, ta ce ta ji, sai ka zo. Ba na son a yi zaman nan ta takarda, kuma ba na son a yi shi da ihu a waya. Ka nemi hutu ka taho. Ka gaishe da Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta